Jan Layi a Shafi na Talatin

Shekara tara ke nan ina karanta littafin mijina kafin kowa ya gani. Jethro mai zanen atamfa ne a wata masaƙa a Kakuri, amma abin da ya ɗauke masa rai shi ne Ƙarfen Gada, jarumin da ya ƙirƙira, wanda aradu ta faɗa wa jikinsa ya koma ƙarfe. Littafi goma sha ɗaya ya zana, yara da manya na wawaso. Ni kuwa malamar firamare ce a Sabon Tasha, kuma ƙa'idarmu ɗaya ce tun farko. In ya gama sai ya miƙo mini, in ɗauki jan biron da nake duba aikin ɗalibai, duk shafin da bai yi ba in ja masa layi a kusurwa. Shafin da na ja wa layi ba ya zuwa wurin mai ɗab'i sai an sake shi. Yakan yi fushi, ya ƙi tuwo, ya ce ban san zane ba, washegari in tarar ya sake. Ba a taɓa yin littafin da layina bai kai biyar ba.

A watan zaɓe hawan jini ya kayar da shi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Lokacin ya zana rabin littafi na sha biyu, wanda ya ce shi ne na ƙarshe. Ragowar da hagu ya ƙarasa, wata huɗu a kujera ɗaya a ɗakinmu na Trikania, ko bakin ƙofa ba ya kaiwa sai na tallafe shi.

Sati uku bayan sojoji sun miƙa mulki, ranar Asabar da hantsi ana yayyafi, ya turo mini takardun a kan tebur.

"Maman Dorcas, ga fainal ɗin," in ji shi, bakinsa na jan magana. "Jibi Malam Haladu mai ɗab'i zai zo daga Makera ya ɗauka. Ina bironki?"

Na kwashe na tafi kicin, don ba na son ya kalli fuskata.

Rabin farko, wallahi bai taɓa yin kamarsa ba. Mugun da ke cikin labarin, Babban Takalmi, wanda shekara tara takalminsa kawai ake nunawa saboda tsoron masu kaki, ya fito yanzu cikin babbar riga yana ɗaga wa jama'a hannu, ana ta guɗa. Sai ka kai idonka ƙasan rigar ka ga hancin takalmin nan yana leƙowa. Na yi dariya ni kaɗai har na ƙware.

Daga nan hannun hagu ya karɓa. Layuka na rawa, fuskar jarumin kowane shafi da irin tata, gada ta karkace kamar za ta zube. Wannan bai dame ni ba, na san da wuyar da aka sha. Abin da ya tsaya mini a wuya ya fara ne daga shafi na talatin. An jefa Ƙarfen Gada cikin wata tsohuwar rijiya an rufe da kankare, shi ke nan ya zauna. Shafi goma sha huɗu yana zaune! Mutumin da ya taɓa ɗaga jirgin ƙasa da kafaɗa, ko bango bai daka ba. A sama mutane na ta bikin sabuwar gwamnati, ba wanda ya tambayi inda yake. A shafin ƙarshe ya rufe ido, aka rubuta ƙarshe.

Na cire murfin biro. In na ja layi, na ɗora wa mutumin da yake kwana biyar kan shafi ɗaya aikin da ba zai iya ba. In ban ja ba, na gaya masa ke nan ya daina zama wanda ake gaya wa gaskiya. Na ji tsoro, na kuma ji haushinsa da ya sa ni a wannan tsaka mai wuya. Na mayar da murfin biro na koma ɗaki.

"Ya yi kyau," na ce.

Bai kalle ni ba. Ya dinga ɗaga kusurwa ɗaya bayan ɗaya da yatsan hagu, har ya kai ƙarshe.

"Ko ɗaya, Ladi?"

"Ko ɗaya."

"To. Na gode, Madam. Haka ’yan coci ke ce mini in sun zo dubiya, wai na ji sauƙi sosai."

Maganar ta soke ni. Na fizgi shafi na talatin na ja masa layi har biron ya kusa huda takarda.

"Ga shi! Ba hannunka na ja wa ba, kada ma ka fara. Zaman nan na ja wa. Ka kulle mutum a rami ka zuba masa ido. Yaran da suka bi shi shekara tara, wannan za ka ba su? Ka fitar da shi, ko da rarrafe ne!"

Na jira ya yi faɗa kamar da. Na so ya yi, ya ce ban san zane ba. Sai ya ɗauki shafin ya kawo kusa da idonsa, ya daɗe yana kallon jan layin.

"Kin yi daidai," ya ce a hankali. "Wata biyu ina nema masa hanya. Na duba sama, na duba gefe. Ke da kike fita kullum, ki gaya mini ta ina ake fita, ni zan zana."

Na ajiye biron a kan tebur.

Ya jawo farar takarda, ta zame masa, ya sake jawowa ta sake zamewa.

"Danne mini nan," ya ce.

Na danne. Ya ɗora fensir a tsakiya. Ruwa ya ƙaru a kan rufin kwano, tuwon rana bai hau wuta ba, hannuna ya yi tsami, fensirin bai motsa ba, ni kuma ban ɗaga hannu ba.