Sugan da Ya Ƙi Sauka

Tun ranar da aka ce wa Malam Tanko a asibiti ba za a cire masa yanar ido ba sai sugansa ya sauka, matarsa Kulu ba ta ƙara samun sukuni ba. Tela ne a Unguwar Kanawa, ga shi yanzu ko ramin allura da ƙyar yake gani. Ya daɗe da ciwon suga, amma da can ƙwaya na riƙe shi. Bana ne abin ya tubure.

Babu abin da Kulu ba ta yi ba. Ta daina sa masa suga a koko, ta rage masa tuwo, ta cika masa kwano da zogale da kabeji. Kowace safiya ita ke huda masa yatsa ta ɗiga jinin a na'urar gwaji, lambar kuwa sai ta fito sama da ta jiya.

Yayarsa Kande ta zo dubiya daga Unguwar Shanu, ta buɗe kwanon abincinsa ta leƙa.

"Ciwon nan a tukunya yake, Kulu. Ki duba hannunki."

"Wallahi Yaya, yadda aka ce haka nake yi."

Kande ta taɓe baki ta rufe kwanon. Maganar ta tsaya wa Kulu a rai, har ta fara zargin kanta. Sai ta ɗanɗana miya sau biyu, ta tsaya tana tunanin ko albasar ce ta yi yawa.

Ranar komawa asibiti ta bi shi. Dokta Sa'adiya, mai duba masu suga, ta saurari bayanin abincin har ƙarshe, ta ce ba ta ga laifinsa ba.

"Baba, me ya canza a zamanka bana? Yaya kake zuwa shago?"

"Ɗana Mubarak ke kai ni a babur, tun da idon ya yi rauni. Ya kuma sa wa keken ɗinkina injin lantarki, ya ce in huta da takawa. Yaron kirki ne."

"Da fa?"

"Da ƙafa nake zuwa, in wuni ina taka keke, in dawo da ƙafa."

Likitar ta ajiye biro. "Baba, yawancin sugan da ke shiga jini bayan cin abinci tsoka ce ke janye shi, musamman ta cinya da ƙwauri. Akwai sinadarin insulin da ke sa ta buɗe ta karɓa, to a irin ciwonka ba ta jin kiransa sosai. Amma idan tana aiki, da kanta take jan suga ko kiran bai ishe ta ba. Ƙafafunka sun daɗe suna taimaka wa maganin, yanzu an zaunar da su."

Ta ƙara masa magani, ta ce ya riƙa tattaki bayan cin abinci, cikin takalmi rufaffe, Kulu kuma ta riƙa duba tafin ƙafarsa kullum. Ta ja musu kunne cewa sugan na iya faɗuwa da yawa, kada ya fita ba dabino a aljihu.

Mubarak bai ji daɗi ba, amma ya kwance injin. Malam Tanko ya koma taka keken ɗinkinsa, ya kuma ɗauki tattaki da zafi kamar mai ramuwa. Lambar ta fara sauka. Kulu dai hankalinta bai kwanta ba, don mai larurar ido ne a titi mai babura.

Wata Asabar ya tsakuri abincin rana ya fita. Aka kira la'asar bai dawo ba. Kulu ta kira wayarsa, ta ji tana ƙara a kan tabarma, kusa da ƙullin dabinon da ta ba shi. Ta zura hijabi ta fita, takalmi ma ƙafa daban-daban. Ta leƙa shago, a kulle. A masallaci aka ce ba a gan shi ba. Wani mai faci ya ce ya ga wucewarsa ta hanyar Mando.

Can gaba ta hango mutane sun taru a bakin wani kanti. Ta ƙarasa da sauri ta kutsa cikinsu. Malam Tanko na zaune a benci, riga sharkaf da gumi, hannu na rawa, mai kantin na ba shi lemon kwalba a baki.

"Malam, ka gane ni?"

Ya daɗe yana kallonta. "Kulu. Jiri ne ya ɗebe ni."

Ta zauna gefensa ta riƙe kwalbar da kanta har rawar hannun ta lafa.

Ranar Litinin Dokta Sa'adiya ta rage maganin, ta ce sugan ya kusa inda ake so, in ya zauna haka za a sa ranar aikin idon bayan Babbar Sallah. Ta hana shi fita da yunwa. A bakin ƙofar asibitin Kulu ta ce daga yau tare za su riƙa tattakin. Malam Tanko ya ce mutanen unguwa za su yi magana.

"Su yi," in ji ta, ta kama hannun rigarsa suka tsallaka titi.