Shatin Roba a Hancin Mainasara

Wani jan shati Hajiya Maiturare ta hango a karan hancin Mainasara, ƙanin mijinta, lokacin da ya sunkuya yana saka takalmi a bakin falo. Shatin ya gangara ta kumatu biyu ya ɓace cikin saje. Ta juya ta dubi fuskar mijin nata, Alhaji Sharu, inda ya kamata a ga shatin, ta same ta sumul kamar ta jariri.

Sati uku ke nan da injin numfashi ya shigo gidan. Asalin abin, Alhaji ne yana dawowa Daura daga kasuwar garin Babban Mutum da lodin riɗi, barci ya sace shi a kan sitiyari, a-kori-kurarsa ta bar kwalta ta shiga gonar gero kusa da Sandamu. Shi dai ya ce akuya ya kauce wa. Har yau ba a samu wanda ya ga akuyar ba. Babban ɗansu Zailani ya kai shi wurin likita a Katsina, aka gano numfashinsa yana ɗaukewa cikin barci, shi ya sa yake wuni yana gyangyaɗi. Hajiya ba ta yi mamaki ba. Shekara talatin da biyu tana faɗin haka, amma ita ba ta da farar riga.

Injin ɗan akwati ne mai tiyo da takunkumin roba da ake ɗaurawa a hanci, yana hura iska. Likita ya ce a kwana da shi aƙalla awa huɗu kullum, kuma injin da kansa yake nuna awannin a ɗan gilashinsa. Sai an cika wata guda kafin Alhaji ya sake taɓa mota. Zailani ya danƙa wa mahaifiyarsa makullin, ta ƙulle shi a bakin zani.

Satin farko gidan bai huta ba.

"Hajiya, ni taya ce da za a riƙa ba ni iska?"

"Taya ai ba ta ƙorafi, Alhaji."

In ya juya dama tiyon ya naɗe masa wuya, in ya juya hagu iskar ta kufce ta hure masa ido. Ya ce cikinsa ya kumbura, ya ce robar warin sabon bokiti take, ya ce tunda aka haife shi yake numfashi ba tare da an koya masa ba. Injin bai taɓa wuce minti ashirin ba.

Sai a sati na biyu aka ga ikon Allah. Awa huɗu, awa biyar. Kullum da yamma Alhaji yakan kira ta ta karanta lambar da idonta. Minsharinsa dai yana nan yana ratsa bango, kuma har yanzu yakan yi barci da loma a hannu. Wanda ya warke shi ne Mainasara. Mutumin da liman bai taɓa kai huɗuba rabi yana farke ba, yanzu ido fes, har ya gyara kekensa. Ga zumunci da ya taso masa: tun hantsi yake zuwa gaishe da Yaya, a rufe ƙofar falo, sai la'asar ya fito.

Hajiya ta bar su har wata ya cika. Ranar, bayan azahar, ta dama fura ta yafa mayafi, ta yi sallama sau biyu, ba a amsa ba, ta tura ƙofa.

Mainasara na miƙe a doguwar kujera, takunkumi a hanci, hannaye a ƙirji, yana barcin sarauta. Alhaji, wanda ya kamata ya yi gadin ƙofa, yana zaune da rediyo a cinya, kai ya faɗi baya, baki buɗe. Minsharin ya hau, ya hau, sai ya yanke. Ta tsaya da ƙwaryar a hannu tana ƙirga, kamar yadda ta saba. Goma. Ashirin. Ƙirjinsa na ja, iskar ba ta shiga. Ta kai ashirin da shida kafin ya fizgo numfashi ya buɗe ido.

"Hajiya! Ba a sallama?"

"An yi. Majinyacin ne bai ji ba. Sannu, Mainasara, ya jikin?"

Mainasara ya zabura, tiyon ya biyo shi. Yana ƙoƙarin magana iskar na fita ta bakinsa. Da ƙyar ya cire.

"Matar Yaya, wallahi gwadawa kawai na yi."

"Sati uku kana gwadawa? Allah ya ba ka haƙuri."

Alhaji ya gyara hula. "To mene ne? Ranar da kika yi ciwon gwiwa ba maganin ƙanwarki Hadiyya kika sha ba? Abu yana gida, ɗan'uwa yana bukata, sai a hana shi? Ke dai duba lamba. Wata ya cika, ba ni makullina."

Ta ajiye furar, ta duba lambar a tsanake. Awa huɗu da minti goma. Ta kwance bakin zani ta ciro makullin, ta miƙa wa Mainasara.

"Likita ya ce wanda ya cika awanni shi zai tuƙa. Allah ya tsare hanya."

"Wannan? Ko keke sai ya jingina da bango yake hawa!"

"Amma in ya hau a farke yake." Muryarta ta sauka. "Ashirin da shida na ƙirga yanzu, Alhaji. Gonar gero ce ta tare ka wancan karon. Hanyar ba duka gero ba ce."

Injin na ta hura wa kujera iska. Ta karɓe makullin daga hannun Mainasara, wanda dama riƙe da shi yake kamar garwashi, ta mayar da shi bakin zani ta ƙulle sau biyu.

"Daga yau za a fara sabon lissafi. Kuma ba gilashi zan duba ba, hanci zan duba."

Alhaji ya daɗe yana kallon ƙullin. Sannan ya ɗaga takunkumin da yatsu biyu, ya sunsuna, ya yatsine fuska.

"A wanke shi tukuna. Warin goron wannan mutumin yake."

Mainasara ya lallaɓa ya ɗauki hularsa. A bakin ƙofa ya waiwayo ya yi wa injin wani dogon kallo, ya shafa karan hancinsa, ya zura takalmi ya fita.