Madubin Dama

Fijo 504 ɗin da na gada wurin mahaifina madubin gefe ɗaya gare ta, na wajen direba. Haka na tashi na gan ta. A gidanmu duk wanda ya zauna gaba shi ne madubin dama: direba ya ce a duba, kai kuma ka leƙa ta taga ka ce ya wuce ko ya dakata. Na yi wa mahaifina wannan aiki, matata Saudatu ta yi mini shekara ashirin.

Da 'yarmu Rauda ta samu aikin jinya a Kebbe, sai ta koyi tuƙi ta karɓi lasisi, ni kuma na koma kujerar dama. Kowace Litinin in rufe shagon hatsina in raka ta daga Tambuwal, in hau babur in dawo. Ran Juma'a in koma mu taho tare. Dalilina mai ƙarfi ne. Masu babur ta dama suke wucewa ba sallama, motar kuwa ba ta da ido a wajen.

Wata fuɗu muna haka. Ran wata Asabar sai ga Rauda da madubi a leda. Wai a Dogon Daji ta samo shi, jikin wata Fijo da ta daɗe da mutuwa har kaji na ƙwai a cikinta. Na ce ƙofar nan ba a taɓa huda ta ba, tsatsa za ta shiga. Saudatu ta ce nata wuyan ya yi tsatsa tuntuni wajen waige, ba wanda ya tausaya masa.

Litinin da safe muka biya garejin Ɗangiwa. Ya auna, ya huda ƙofar wuri biyu, ni ina kallon wani wajen. Da ya ɗaure madubin sai na shige kujerar direba don a daidaita.

"Malam Lauwali, wa ka tuƙa motar ga?" in ji Ɗangiwa. "Idon mai tuƙi aka bi. Fito ka ba Malama wuri."

Na fito. Rauda ta zauna, yana murɗawa tana cewa sama kaɗan, ciki kaɗan. Na ce ban yarda ba sai an gwada. Ɗangiwa ya ce to in zama babur: in taho ta baya ta dama, in ta gan ni ta danna ham.

Na taho, ta danna. Na raɓo jikin motar, ta danna. Na zo da gudu, ta danna, masu jiran gyara na ta dariya. Sai na durƙusa dab da tayar baya na lallaɓo. Shiru. Na miƙe ina kakkaɓe gwiwa, na ce kun gani ko.

"Baba, tun ɗazu nika ganin hularka," in ji Rauda. "Nauyi na ji in yi maka ham kana durƙushe gaban mutane."

Ɗangiwa ya ce shi dai tun da yake bai taɓa ganin babur mai rarrafe ba.

Na buɗe ƙofar dama kamar kullum, na tarar ta ajiye jakarta a kujerar. Ta sunkuyar da kai tana gyara hijabi. Na daɗe riƙe da ƙofar. Na ce ta rage gudu inda shanu ke ƙetarawa, kada ta tsaya wa kowa, kuma ta kira ni da ta isa. Ta ce to. Na sake faɗa, ta sake cewa to. Na yi mata addu'a, na rufe ƙofar.

Ban je shago ba. Na zauna a bencin Ɗangiwa da waya a tafin hannu, shi kuwa ya sa ni miƙo masa sifana don kada in yi zaman banza. Sau uku ina ba shi wadda bai ce ba kafin wayar ta yi ƙara.