Idon da Ya Ƙi Durƙusawa

Ni Arzika mai baki ne, duk Tsafe an san haka. Ƙanena Sahabi kuwa, ko ƙafarsa ka taka shi zai ba ka haƙuri. To, shi wannan bawan Allah ne surukinsa ya ce ba shi da kunya. Kai, duniya!

Damina uku ke nan da ƙashin da ke ƙarƙashin idonsa na hagu ya fara tasowa. Ba ƙurji ba ne, tauri gare shi kamar dutsen niƙa. Wanzami ya kafa ƙaho har sau biyu, jini kawai ya fito, ya tattara zabirarsa ya ce aska ba ta aikin ƙashi. A hankali ƙashin ya turo idon waje, ya ɗaga shi sama, har fatar ta daina rufe shi. In Sahabi ya sunkuyar da kai, na dama ya bi ƙasa, na hagun ya tsaya ƙyam yana kallonka.

Shekarar da Nasara ke shimfiɗa dogo zuwa Gusau, matarsa Wasila ta tafi gidansu a Bungudu wankan jego. Ana nan sai Sahabi ya haɗu da ubanta, Malam Bello, a kasuwar Gusau. Ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya sunkuya yadda ake yi wa suruki. Tsoho ya saci kallo sau ɗaya, ya ga ido a kansa. Shi ke nan! Wasila ta san ciwo ne, amma kunya ta hana ta yi wa uba maganar miji. Aka yi arba'in, aka yi wata huɗu, ba Wasila ba jariri. Saƙo ɗaya ya zo: mai hararar suruki a tsakiyar kasuwa ba ya riƙe masa ɗiya.

Muka ɗaura wa jaki goro muka tafi biko. A hanya Sahabi ya ce, "Yaya, haƙuri kawai za mu ba shi."

"Haƙurin me? Laifin me ka yi?" na ce. Raina a ɓace yake tun daga Tsafe.

A zauren Malam Bello abin ya ƙara ƙona ni. Sahabi ba zai yi magana ba, don suruki ne. Tsohon ba zai dube shi sosai ba, shi ma don suruki ne. Ɗaya na kallon tabarma, ɗaya na kallon bango, ni kaɗai nake ta kumfar baki a tsakiya.

"Baba, wallahi ciwo ne. Ƙashi ne ya tashi."

"Ciwo ne ke harara?" in ji shi, fuskarsa na bango. "In ya ce ya tuba, magana ta ƙare."

Na ga Sahabi ya motsa baki zai faɗa. Haba! Ya tuba da me, da ƙashin fuskarsa? Na riga shi. Na kamo haɓarsa na juyo da shi wajen hasken ƙofa.

"Baba, don girman Allah ka duba. Sau ɗaya dai, ka ajiye kunyar nan ka duba!"

Tsohon ya juyo. Ya daɗe yana kallo. Ya ga tudun ƙashin, ya ga idon ja wur yana zubar da ruwa, ya ga ƙuda ya sauka a gefensa fatar ta kasa ƙiftawa. Har ya miƙa yatsa ya taɓa, ya janye da sauri.

"Subhanallahi. Ashe ciwo ne. Na ɗauki alhakinka, yaro."

Na saki ajiyar zuciya. Har na fara tunanin wa zai hau jaki, ita ko kayanta.

"Yana ƙaruwa?" ya tambaye ni.

"Yana ƙaruwa, Baba."

"Wanzami fa?"

"Ya ce ba aikinsa ba ne."

Ya gyaɗa kai, ya turo mana goronmu da bayan hannu.

"Da rashin kunya ce, Arzika, yau ɗin nan da kun tafi da ita, don yaro kan yi kuskure ya gyara. Wanga kuwa ba ranar gyaruwa. Ɗiyata ba ta kai ashirin ba. Ba zan mayar da ita jinya ba. Allah ya ba shi lafiya."

Ni mai baki, sai ga ni na sunkuya ina tattara goronmu. Daga cikin gida muna jin kukan jaririn da Sahabi bai gani ba tun ranar suna.

Sai da muka wuce rafin Bungudu Sahabi ya yi magana, bai ko ɗaga murya ba.

"Yaya, da ka bar shi a kan harara."