Gyaran Soda

"Ni na auna? To, ni na auna! Giram ɗari da talatin, a gabanki, Hasanatu!" in ji Portia.

"To hannun Madam fa, aljani ya ƙona shi?"

Mulikatu tana bakin murhu tana tuƙa tuwon da ya riga ya tuƙu. 'Yarta Hasanatu da ƙawarta Portia, 'yar wani malami daga Kumasi, sun dawo daga sakandare tun azahar suna abu ɗaya. An cire su daga gasar kimiyya. Sabulun man kaɗen da suka haɗa a nan gidan, a unguwar Sabonjida, ya saluɓe wa Madam, malamarsu, fatar yatsu.

Hasanatu ta sake jero lissafin. Kilo ɗaya na man kaɗe, soda giram ɗari da talatin yake ci, ba ƙari. Sabulun da zai fito giram dubu da ɗari da talatin. "Ko buhu kika zuba, man ba zai ci fiye da cikinsa ba. Sauran zama zai yi cikin sabulu yana jiran fatar mutum!"

Muciya ta yi wa Mulikatu nauyi. Ranar da suka yi haɗin, da yaran suka fita ɗebo ruwa, ta leƙa kwanon sodar ta ga ɗan abu kamar na marowaci. Ita da ta tsufa tana sayar da gishiri a kasuwar Aboabo, ba ta taɓa miƙa wa mutum awo ba gyara ba. A ce 'yarta ta kai wa malamai abu a ƙwange? Sai ta cika cokali biyu da soda ta watsa a kwanon, har da bismilla, ta koma tana jin daɗin kanta.

"Mma, kina nan ai," in ji Portia, ta juyo da jajayen idanu. "Kin ga na ƙara? Faɗa mata."

 Mulikatu ta dubi 'yarta, wadda ta yi makonni tana mafarkin zuwa gasar a Accra.

"Ni me na sani a boko, 'yar nan? Ku zo ku ci tuwo."

"Kin ji," in ji Hasanatu. "Sakaci ne, ki yarda kawai."

Portia ta ɗauki jakarta. "Shekara nawa ina cin tuwon gidan nan, yau ni ce maƙaryaciya. Ku riƙe abinku."

Ta fita, ta maka ƙofar langa-langar har kajin maƙwabta suka watse.