Koren Dutse a Gangar Labaran

Mutanen Daɗin Kowa sun ɗauka Malam Labaran mai haƙuri ne. Haƙurin lafiya? Shiru kawai gare shi, kuma shirun nan nasa ba na yafiya ba ne.

Tsohon mai gyaran injuna ne tun zamanin kamfanonin kuza. Matarsa Fiddausi ta rasu da daminar 2005, ba ta bar masa ɗa ba, ba ta bar gwal ba, sai wata kwalla cike da tsakuwa. Halinta ne tun tana amarya: duk inda suka je, Bukuru ne ko Barkin Ladi ko bakin kududdufin kuza da ke bayan unguwa, sai ta duƙa ta tsinci ɗan dutse, ta jiƙa shi da ruwa ta miƙo masa. "Dubi kyansa, Malam. Da ma zai zauna haka in ya bushe." Shi kuwa sai ya yi tsaki ya ce ta girma da wasan yara. Bayan an kai ta, tsakin nan ya riƙa ci masa rai.

Datong, abokin aikinsa na dā wanda ya koma wajen masu yankan duwatsun ado a cikin gari, shi ya ba shi shawara da ya zo gaisuwa ya ga kwallar.

"Oga Labaran, wannan abu mai sauƙi ne. Ka yi ganga. Ka zuba dutse, ka zuba ruwa, ka zuba wannan baƙin gari mai kaifi, ka bar shi ya yi ta juyawa. Daga gari mai kaushi ka koma mai laushi, har na ƙarshe. Zai fito kamar ka jiƙa shi, kuma ba zai bushe ba." Ya ɗaga yatsa. "Amma ka ji doka. Ka fara gwada kowane dutse da bakin wuƙa. Wanda wuƙa ta karce, kada ka haɗa shi da wanda wuƙa ba ta iya wa. Mai tauri zai cinye mai laushi, ko ƙashi ba za ka gani ba."

Labaran ya samo guntun ƙaton bututun roba, ya shimfiɗa masa robar taya a ciki, ya ciro motar lantarkin da ke juya tsohon injin wanki, ya haɗa ta da gangar da bel. Ya gwada duwatsun Fiddausi ɗaya bayan ɗaya, duk masu tauri ne. Ya zuba su gaba ɗaya, ko ɗaya bai rage ba, don ganga ba ta son yunwa. Wannan shi ne kuskurensa na sabon shiga, shi da inda ya kafa gangar: jikin katangar da ta raba shi da Alhaji Shu'aibu.

Shu'aibu mai motocin haya ne, yana da bas-bas da ke lodi a Tina Junction, mutum mai ƙaton ciki da ƙatuwar murya, wanda in ya yi dariya sai ka duba ko faɗa ake. Gangar na ta gurgur, gurgur, safe da yamma muddin akwai wuta. Sau ɗaya ya leƙo ta katanga ya ce, "Malam Labaran, injin niƙa ka buɗe mana ne?" Labaran ya ba shi haƙuri, ya ce an kusa gamawa, ya kuma gaya masa na wa ne duwatsun. Ya gaya masa fa. Kada wani ya ce bai sani ba.

Ran nan Labaran ya tafi Bukuru ta'aziyya ya bar gangar tana aiki, an kai gari na ƙarshe. Da ya dawo da la'asar sai ya tarar da ita a ƙofar ɗakinsa, a buɗe, an ma ɗauraye ta tas. Shu'aibu na zaune a kan benci a waje da 'yan majalisarsa, ana cin gyaɗa.

"Alhaji, ina duwatsuna?"

"Suna kududdufi. Kaina ke ciwo tun safe, abin nan ya hana ni sakat."

"Da ka kashe soket ai ya isa."

"Ka dawo ka kunna? Haba Malam Labaran, dutse ne fa kawai. Jos ai duk dutse ce. Ka duƙa nan inda kake ka cika buhu."

Aka kwashe da dariya. Labaran ya je bakin kududdufin, ya tsaya yana kallon koren ruwan nan da ba a san ƙarshen zurfinsa ba, wanda ko matasa masu ƙarfin hali ba sa nutso a cikinsa. Duk tsince-tsincen Fiddausi na can ƙasa, kuma bai taɓa ganin ko ɗaya ya yi ƙyallin da take so ba. A wurin ya ji ƙiyayyar Shu'aibu ta shige shi, ta sami wuri ta zauna.

Bai daina ba. Ya mai da gangar bayan ɗakin girki, ya lulluɓe ta da tsohon bargo, ya shiga tsintar nasa duwatsun. Zubin farko ya fito dishi-dishi don bai wanke gangar sosai tsakanin gari da gari ba. Na biyu ya tsattsage don ruwa ya yi kaɗan. Na uku kuwa, tubarkalla! Ja, ruwan zuma, fari mai ratsin hayaƙi, suna ƙyalli kamar yanzu aka tsamo su daga rafi. Ya jera su a faranti a ƙofar gida. Mata masu wucewa suka riƙa tsayawa, har Madam Suzana mai ɗinki ta roƙi biyu ta sa aka yi mata 'yan kunne.

Kunya dai ba ta cikin kayan da Shu'aibu ya gada. Wata safiya sai ga shi da sallama, yana murmushi kamar ba shi ba, da wani ƙulli na tsohon ƙyalle a hannu. Ya kwance. Koren dutse ne mai girman ƙwan zabo, haske na ratsa shi kamar kwalbar lemo.

"Na Baba ne. Zumurrudu ne, kowa a gidanmu ya sani. 'Yata Sumayya za ta sauke karatu a jami'a, ina so in ba ta shi yana ƙyalli irin naka. Abin da ya wuce ya wuce, ko ba haka ba?"

Labaran ya karɓa, ya ce bari ya ɗauraye shi. A bayan ɗakin girki ya zaro 'yar wuƙarsa ya ja bakinta a gindin dutsen. Ta shige shi sumul, ta bar farin layi. Zumurrudun wa? Dutse ne mai laushi, irin wanda masu haƙar kuza ke cin karo da shi su ajiye don kyau. Wani daɗi mai zafi ya taso wa Labaran.

Ya cika gangar da fararen duwatsu masu taurin tsiya, irin waɗanda ke ba da wuta in an ƙyasta su, ya zuba gari mafi kaushi da yake da shi. Sannan ya kira maƙwabcinsa.

"Alhaji, abin gado ne, ba na so ya shiga ta hannuna. Saka shi da kanka."

Shu'aibu ya yi bismilla, ya saka.

Daga ranar nan ka zo ka ga ikon Allah. Mutumin da ƙarar ganga ke sa wa ciwon kai, shi ne ya ce a yaye bargon don ya riƙa jin aikin na tafiya. In an ɗauke wuta, kafin Labaran ya motsa Shu'aibu ya tayar da janaretansa ya jefo waya ta kan katanga. Man fetur ɗinsa, wayarsa, hannunsa. Labaran kan zauna a kujerarsa ta roba yana sauraron gurgur ɗin nan, abinci har ya fara yi masa daɗi.

Wata ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Shu'aibu ya shigo da rake, ya zauna kusa da gangar. Can ya ce, "Ka san Baba a ramin loto ya rasu? Wajen Bisichi. Ƙasa ta rufta musu suna haƙar kuza. Ina ɗan yaro. Da aka tono shi ba a bar mu mun gan shi ba, sai rigarsa aka kawo wa Inna. Dutsen nan na cikin aljihun. Wallahi Malam, ko hotonsa ba mu da shi. In na riƙe dutsen nan, shi na riƙe."

Raken ya tsaya wa Labaran a baki. Ya dubi soket ɗin, ga shi nan kusa da gwiwarsa. Shi ma ya san ramin loto, ya taɓa taya tonon mutane. Tausayi ya kama shi, ba ƙarya, har ya fara miƙa hannu. Sai ya ce a ransa bari ya buɗe wa mutumin ƙofa, ko da 'yar ƙarama ce.

"Haka na Fiddausi suke a wurina, Alhaji. Waɗanda ka zubar."

Kalma ɗaya yake jira. Yi haƙuri, ko na yi kuskure, ko ma shiru da sunkuyar da kai, da ya karɓa. Shu'aibu ya tofar da ɓawon rake, ya fashe da dariyar nan tasa.

"Kai Malam! Har yanzu kana kan tsakuwar nan? Ai da bambanci. Wancan tsince-tsincen mata ne a bakin hanya, wannan kuwa dukiya ce."

Labaran ya janye hannunsa ya ɗora a gwiwa. "Haka ne," ya ce. "Da bambanci."

Washegari da Shu'aibu ya fita tasha, ya kashe gangar ya buɗe, don baƙin garin kan mutu in ya daɗe yana aiki. Ya lalubo koren dutsen cikin laka. Ya rabe uku, kowane ɓari bai fi ƙwayar gurjiya ba, gefunan sun lallashe. Ko a haka ana iya ceton wani abu, a goge babban da hannu a yi wa Sumayya zobe. Ya riƙe su a tafinsa ya daɗe yana kallo. Sannan ya mai da su, ya ɗebo sabon gari mai kaushi ya ƙara, har da gyara, ya ɗaure murfin tamau.

Da Shu'aibu ya fara ƙorafin an daɗe, sai ya ce masa babban dutse ba ya son gaggawa. Shu'aibu ya ƙaro mai.

Ranar buɗewa Shu'aibu ya gayyato 'yan majalisarsa kaf, waɗanda suka ci gyaɗa suka yi dariya ran nan. Ya sa sabuwar shadda da hula zanna. Labaran ya ɗora rariya a kan bokiti, ya miƙa masa gangar ya ce shi ya saka, shi zai juye. Laka mai ruwan toka ta kwararo kamar kunu. Aka zuba ruwa. Fararen duwatsun suka fito sumul-sumul, sun yi kyau abinsu.

Shu'aibu ya sa yatsa ya tona. Ya sake tonawa. Ya kwashe su ɗaya-ɗaya ya zube a ƙasa, har rariyar ta koma wayam. A wani lungu na wayar rariyar wani ɗan kore ya maƙale, bai kai ƙwayar gero ba. Da ya taɓa shi sai ya bi ta ramin ya faɗa bokiti.

"Ina yake?" Muryar ta sirance, kamar ba daga ƙirjin nan ta fito ba. "Malam Labaran, ina dutsen Baba?"

Labaran ya nuna bokitin da haɓa. "Yana nan ciki. Mai laushi ne, masu taurin sun cinye shi."

"Ka san haka zai faru?"

"Tun ranar da ka kawo shi."

Wani daga cikin 'yan majalisar ya fara salati a hankali. Labaran ya goge hannunsa da tsumma, yatsa bayan yatsa, ya dubi maƙwabcinsa ido cikin ido. Maganar da ya daɗe yana ajiye da ita ta fito ba tare da ya ɗaga murya ba.

"Haba Alhaji, dutse ne fa kawai. Jos ai duk dutse ce. Ka duƙa nan inda kake ka cika buhu."

Ya zaci za a yi dambe, ya ma shirya wa mari. Shu'aibu bai ko kalle shi ba. Sai ya durƙusa a jiƙaƙƙen siminti da sabuwar shaddarsa, ya tsiyaye ruwan saman bokitin a hankali, a hankali, kamar mai tace koko. Ya cire hularsa, ya shiga kwasar lakar da tafin hannu yana zubawa a ciki, yana kankare gefen bokitin da farce don kada ko kaɗan ya saura. Hawaye na bin gemunsa. Ya miƙe ya rungume hular a ƙirji, laka na ɗiga a rigarsa, ya fita, mutanensa suka bi shi.

Labaran ya ji daɗi. Ya ji shi sosai, har cikin ƙashinsa, kuma bai yi nadama ba, ko ranar ko bayanta. Ya wanke gangar, ya naɗe wayar janaretan ya jefa ta kan katanga. Sannan ya shiga ɗaki ya sauko da kwallar Fiddausi daga kan kabad ya buɗe, ya sa yatsa ya shafa gindinta ko zai sami ɗan abin da ya saura. Tas take. Shu'aibu ko ba komai ya tafi da laka a hula.