Tsutsar da ta Koyi Cin Waken Suya

Shekara huɗu ke nan tana kiwon tsutsa a cibiyar binciken amfanin gona, har abokan aiki sun laƙaba mata Uwar Tsutsa. Kwalabe ne jere a kan katako, kowace an ɗaure bakinta da ƙyalle. Kullum da safe ta kwashe ƙazanta, ta zuba sabon ganye, ta tsince waɗanda suka mutu.

Tsutsar masara ce, irin wadda ta cinye gonar mahaifinta damina biyu a jere. Da aka gwada ba ta ganyen waken suya, kafin kwana uku kusan duk ta mutu. Shi ya sa da tsohon ya nemi shawara, ta ce ya bar masara ya koma waken, wannan tsutsa ba ta cin sa. Ya ji maganarta. Har maƙwabta ya ja, yana cewa 'yarsa ce ta faɗa, ita da take wuni da abin.

Sai dai a kwalaben, cikin tsutsotsi ɗari da aka ba waken, biyu ko uku kan rayu a rame, su yi fiffike, su yi ƙwai. Ogan ɗakin ya ce a ci gaba da kiwon 'ya'yansu a kan waken. Aka yi jikoki, aka yi tattaɓa-kunne. A zuriya ta goma sha ɗaya ta shigo ta tarar ganyen saura jijiya, tsutsotsin sun yi ɓul-ɓul.

Oga ya yi ta murna, wai sakamako ya yi kyau. Ita kuwa cire safar hannu ta yi, ta zauna, ta daɗe ba ta tashi ba.

Ranar hutu ta je gida. Ta sami tsohon a gona yana cire ciyawa, da ƙyar yake miƙewa. Ta fara kewaye-kewaye, wai abin da ya faru a kwalba ba lalle ya faru a fili ba. Bai bari ta ƙarasa ba. Ya sunkuya ya juya wani ganye, duk huda.

"Sati biyu ke nan da na gani. Na ce kada in ɗaga miki hankali."

"Baba, ni na sa ka."

"Ke kika sa ni, ita kuma yunwa ta sa ta. Kowa cikinsa yake wa aiki."

Ya tambaye ta me zai shuka baɗi. Ta ce ba ta sani ba, kuma wannan karon ba za ta yi masa alkawari ba. Ya ce to.

Suka bi kunya-kunya suna tsince tsutsa da hannu, suna jefawa cikin bokitin ruwa. Da rana ta take, gwiwarsa ta ƙi, ya koma inuwa ya zauna. Ita ta ƙarasa kunyar.